Na'urar nuna husufi da na saya a kasuwa: tana aiki amma sai da munka canza mata hannun wata

Wata huɗu kenan da na sayi abin nan, kuma tun ranar da na sa hotonshi a WhatsApp ƴan uwana malaman lakwal ke ta tambayata wai nawa ne, ina anka samo shi, kuma ya dace a saya ko asarar kuɗɗi ce kawai. Na ƙi ba kowa amsa da wuri don ina so sai na yi aiki da shi sosai cikin aji da kuma gida tukun. To yanzu na yi, ga abin da na gani.

Ga wanda bai taɓa ganin irinta ba, na'ura ce ta roba mai gindi kamar faranti, a tsakiya akwai ƙwallo rawaya da ampul a ciki wato rana kenan, sai dogon hannu ya fito daga gindin yana ɗauke da duniya wadda girmanta bai wuce babban lemu ba, an zana mata ƙasashe har Nijar ta fito ana ganinta, sai kuma wani ɗan ƙaramin hannu da ke ɗauke da farin ƙwallo shi ne wata. Akwai mariƙi a gefe, in ka juya shi haƙoran da ke ƙasa sai su kama juna, duniya ta riƙa juyawa tana zagaya rana, wata kuma yana zagaya duniya. Pil uku take ci. Cikin kwalin an haɗo da gilashin kwali guda 10 na kallon rana. A wata butik ta kayan lakwal kusa da babbar kasuwa na gan ta, can saman kanta ƙura ta rufe kwalin, Alhajin ya ce guda biyu ya taɓa kawowa daga Kano kuma tun lokacin babu wanda ya ko taya. Jika 22 ya fara cewa, na ce Alhaji a duba dai don Allah, don yara ne ba don kaina ba, munka yi ta ja har ya sallama a jika 17. Ba zan ɓoye ba kuɗɗin sun yi mini nauyi, daga aljihuna sunka fito.

Dalilin da ya sa ban iya wuce ta ba tsohon abu ne. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006 ina yaro, duk wanda ke Maradi ya san ranar. Wajen ƙarfe goma da rabi na safe, lokacin zafi, rana ta fara yin wani irin haske kamar an zuba mata toka, Inna ta tattara mu duka ta tura ɗaki ta ce kar wanda ya leƙo, ni kuma na maƙale a bakin ƙofa. Na ga kaji sun nufi akurki, na ji iska ta yi sanyi lokaci guda, sai duhu ya sauko kamar bayan magariba har tauraro ya fito, masallatai ko'ina ana ta kabbara, mata na salati wasu na kuka. Ƴan mintoci ne kawai haske ya dawo, zakaru sunka hau cara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na tambayi manya da yawa mi ya faru, kowa da abin da ya ce, wani ya ce rana ce ta yi zazzaɓi, wani ya ce wani babba zai mutu, babu wanda ya zaunar da ni ya ce ga yadda abin yake. Yanzu ni ne ke tsaye gaban yara sama da 60 a CM2, ajin ƙarshe na firamare, ba na so su tashi da irin wannan tambayar babu amsa.

Ranar farko da na kai ta aji munka rufe tagogi, munka rataya tabarmi biyu inda haske ke shigowa, zafin kwano kamar a gasa mutum amma ko yaro ɗaya bai ce zai fita ba. Na kunna ampul na fara juya mariƙi a hankali. Da wata ya zo tsakanin rana da duniya sai ga ɗan tabon inuwa baƙi ya faɗa kan duniya, kuma Allah cikin ikonsa kan Afirka ya faɗa, ajin ya ɗauki ihu. Wannan shi ne husufin rana, wata ne ke shiga tsakani ya tare hasken, ranar kanta babu abin da ya same ta. A nan na'urar ta yi abin da na shekara da shekaru ina zanawa a tablo da alli yara na kallona kawai. Sun gani da idonsu cewa inuwar ƙarama ce, ba ta rufe duniya duka, wanda ke cikin tabon shi ke ganin duhu, wanda ke gefe yana ganin an gutsiri rana kaɗan, wanda ya yi nisa ma bai san ana yi ba. Na ba su misali da na 2006 ɗin, inuwar ta fara daga Burazil ta tsallako teku ta shigo Gana, Togo, Benin, ta ratsa Najeriya ta wajen Gusau da Katsina ta shigo mana Nijar, ta wuce Libiya da gefen Masar har Turkiyya, faɗinta bai kai kilomita 200 ba, shi ya sa mutanen Yamai ba su ga duhun da munka gani ba. Kuma gudunta a ƙasa ya fi na jirgin sama, shi ya sa duhun ba ya daɗewa, ko mafi tsawonshi ba ya wuce minti 7 da rabi.

Na ci gaba da juyawa har wata ya zagaya ya koma bayan duniya, sai ya shiga inuwarta ya yi duhu. Husufin wata kenan, duniya ce a tsakiya wannan karon. Shi kuma duk wanda ke ɓangaren dare zai gan shi in babu hadari, ba sai kana cikin wani siririn layi ba, shi ya sa kowannenmu ya ga na wata sau da yawa amma na rana cikakke wasu har su mutu ba su gani ba. Yaran da kansu sunka lura cewa na rana ba ya yiwuwa sai ƙarshen wata lokacin da ya ɓace ana jiran tsayuwar sabo, na wata kuma sai daren 14 ko 15 da ya cika. Na ce musu haka ne, na 2006 ma ƙarshen watan Safar ne ya faru.

Har nan ina jin daɗi ina cewa jika 17 ɗina sun yi rana. Sai wata yarinya da ke zama layin baya, ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce Mushe, to ai duk juyin da ka yi sai an yi husufi biyu, mu kuma ba mu gani kowane wata, mi ya sa? Na sake juyawa ina kallo, wallahi gaskiyarta. Duk zagaye ɗaya na wata sai tabon ya faɗa kan duniya, sai kuma watan ya shiga inuwa, babu fashi. Wato in yaro ya yarda da na'urar yadda anka ƙera ta, zai tafi gida da cewa shekara tana da husufi 24 ko fiye.

Wannan shi ne babban aibinta kuma ba ƙarami ba ne, don daidai wurin da maganar husufi take ne sunka yi sakaci. Masu ƙerawa sun sa rana da duniya da wata duk a shimfiɗe a layi ɗaya kamar an jera su a kan tabarma. Alhali hanyar da wata ke bi wajen zagaya duniya a karkace take da kusan digiri 5 in an gwada ta da hanyar da duniya ke bi wajen zagaya rana. Saboda wannan karkatar, yawancin watanni in ya zo wucewa tsakaninmu da rana sai ya bi ta sama ko ta ƙasa, inuwarshi ta wuce cikin sarari ba ta taɓa mu ba, haka in ya cika sai ya wuce saman inuwar duniya ko ƙasanta. Wuri biyu ne kawai hanyoyin nan ke gittawa da juna, sai in tsayuwar wata ko cikarshi ta dace da lokacin da yake kusa da ɗaya daga cikin mahaɗun nan sannan a yi husufi. Lokacin da hakan ke yiwuwa yana zuwa ne kusan duk bayan kwana 173, ya ɗauki wata ɗaya da ƴan kwanaki, ya wuce. Shi ya sa sau da yawa za ka ji an yi na wata, bayan sati biyu a ce an yi na rana a wata ƙasa, sannan shiru sai bayan kusan wata shida. A shekara in an haɗa duka ba sa kasa 4 ba sa wuce 7.

Na yi ma yarinyar wannan bayanin da baki da hannu, ta ce to, amma na ga idonta bai gamsu ba, kuma ban ga laifinta ba tunda abin da ke gabanta yana nuna wani abu daban. Daren nan ban yi barci da daɗi ba.

Washegari na koma butik ɗin. Alhaji ba ya nan sai yaronshi, na yi mishi bayani ya ce Malam ai haka ta zo daga kamfani, ɗayar ma haka take, ya buɗe ɗayan kwalin munka duba tare, haka ne kuwa. Ban nemi a maida mini kuɗɗi ba don ba laifinsu ba ne, su ma ba su san aikinta ba, kuma a gaskiya yaron ya yi mini mutunci, har ya ba ni pil uku kyauta. Takardar bayanin da ke ciki da Sinanci da Ingilishi take, babu Faransanci balle Hausa, kuma wani abokina da ya karanta mini ya ce ko kalma ɗaya ba su yi kan karkatar ba.

Daga nan na wuce wurin wani mai walda a unguwarmu, dattijo ne da ya san ni tun ina ƙarami. Na ce Baba ga abin da nake so, a cire hannun watan nan a yi mini zobe a karkace. Ya juya ta ya juya ya ce roba ce wannan ɗana, wuta ba ta zuwa kusa da ita, amma bari. Ya ɗauko waya irin ta ƙafar keke ya lanƙwasa ta ya yi da'ira, ya huda ƙwallon watan da ƙusa mai zafi ya zura shi cikin wayar kamar dutsen carbi, sannan ya yi ɗan mariƙi da zai zauna ƙarƙashin duniya yana juyawa da hannu. Munka karkata zoben fiye da digiri 5 da gangan, don watan na'urar ya yi kusa da duniya ƙwarai, in ka yi 5 daidai ba za a ga bambanci ba. Dala 100 ya ce in ba shi na shayi, na ba shi 200 ya ƙi karɓar sauran, ya ce in dai zan dawo in nuna mishi yadda take aiki. Na koma kuwa da dare, shi da yaran shagonshi sunka tsaya kallo har anka kira isha'i.

Yanzu yadda nake yi, ina juya dogon hannun duniya ta zagaya rana, amma zoben wata ina riƙe shi kullum gefen da ya ɗaga yana fuskantar bango ɗaya, na gabas. Sai in tura wata da yatsa. A yawancin wurare inuwar sai ta wuce sama ko ƙasa ta faɗa a bango ko a tebur, yara na binta da ido suna cewa ta kuskure, ta kuskure. Sai an zo wurare biyu da ke fuskantar juna sannan ta faɗa kan duniya. Yarinyar nan ita na fara ba ta ta tura watan da kanta, ta zagaya shekara guda cif, da ta gama ta ce sau biyu ne ke nan Mushe, na ce sau biyu ne. Wannan gyaran na dala 100 ya fi mini komai da ke cikin kwalin.

Wani abin da ba ta nunawa, kuma wannan ban zarge su ba don babu na'urar da za ta iya a kan tebur, shi ne nisa. Wata yana nesa da mu da kusan kilomita 384,000, wato in ka jera duniya 30 sannan ka kai gare shi, rana kuma kusan kilomita miliyan 150. Don yara su ji abin a jikinsu na fita da su fili, na ba ɗaya lemu na ce kai ne duniya, na ba wani ƙwayar magarya na ce kai ne wata, munka auna mita 2 da rabi tsakaninsu. Na ce a wannan ma'aunin rana tana can kusan kilomita ɗaya daga nan kuma tsayinta ya fi na ɗaki biyu a ɗora. Sannan na ce mai magarya ya ɗaga hannu sama da taki ɗaya, wannan ita ce karkatar digiri 5 ɗin a wannan nisan, kowa ya ga yadda inuwar ƴar magarya za ta wuce saman lemu cikin sauƙi. Kuma abin da har yau yake ba ni mamaki in na tuna, rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, kuma ta fi shi nisa kusan sau 400, shi ya sa a idonmu suke zama kusan girma ɗaya har ƙaramin ya rufe babbar daidai. Wani lokaci kuma wata yana can nesa a hanyarshi, don nisan nashi yana raguwa yana ƙaruwa, sai ya kasa rufe ta duka a ga zoben wuta kewaye da shi, irin wanda anka gani a Gabon da Tanzaniya da Madagaska ranar 1 ga Satumba 2016.

Jan launin da wata ke yi lokacin husufi ma ba ya fitowa, a na'urar baƙi kawai yake zama. Duk wanda ya kalli na daren Juma'a 27 ga Yuli 2018, wanda ya yi awa 1 da minti 43 a rufe, ko na 7 ga Satumba 2025 da ya zo mana daidai magariba, ya san watan ba ɓacewa yake ba, ja yake yi kamar garwashin da ya fara mutuwa. Dalili shi ne iskar da ta lulluɓe duniya tana lanƙwasa hasken rana ta gefe ta tura shi cikin inuwar, shuɗin hasken ya watse a hanya jan ya wuce ya sauka kan wata. Abu ɗaya ne da jan da rana ke yi in za ta faɗi, mu da muka saba da ƙurar hunturu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Na gwada da ledar alawa ja a gaban tocila don su ga kamannin, amma na gaya musu wannan kwaikwayo ne kawai.

Na kai ta gida wani daren da anka ɗauke kuran, muna zaune tsakar gida, na ce Inna zo ki ga abin da ya sa kika kulle mu a ɗaki. Ita ce tun muna yara in wata ya kama take sa mu fita da gwangwani da tsohon kwano muna bugawa ana roƙon rana ta saki wata. Ta zauna kan tabarma ta ja mayafinta, na tura watan ya shiga inuwa, ta ce sake, na sake. Ta miƙa yatsa ta sa tsakanin duniya da watan ta ga inuwar ta hau yatsanta, ta janye ta sake sawa. Ta daɗe ba ta ce komai ba sannan ta ce ashe mu ne ke tare mishi hasken. Na ce mu ne Inna, ƙasar da muke zaune a kai. Ta ce to ikon Allah ya fi haka, amma salla fa ba a fasa ba. Na ce ba a fasa ba.

Kuma wannan maganar tata nake so in tsaya a kai kaɗan don akwai wani uba da ya zo lakwal ya same ni, cikin ladabi dai, ya ce Malam an ce kana gaya wa yara ranar da za a yi husufi, wannan ba shiga gaibu ba ne? Na ce Alhaji zauna. Na ce kalandar lokutan salla da ke rataye a masallacinku tana faɗin minti nawa rana za ta faɗi wata shida masu zuwa, ba wanda ya ce gaibu ne, lissafi ne, kuma Alƙur'ani cikin Suratur Rahman ya ce rana da wata da lissafi suke tafiya. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufin rana a Madina, mutane sunka ce don rasuwarshi ne, Annabi ya gyara musu ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarshi, in an gani a yi salla a yi addu'a. Sanin yadda abin ke faruwa bai hana ka tashi ka yi raka'a biyun nan masu ruku'u biyu-biyu ba, ni ma ina yi. Na ƙara mishi da wani abu da ke burge ni, tun mutanen Babila na da sunka gano cewa husufi yana maimaita kanshi bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11 da kusan awa 8. Ɗauki namu na 29 ga Maris 2006 ka ƙara shekara 18 da kwana 10 da awa 8 ɗin, za ka faɗa 8 ga Afrilu 2024, ƙarshen azumi, ranar da duhu ya ratsa Meziko da Amurka da Kanada. Awa 8 ɗin nan ne sunka sa duniya ta ƙara juyawa kashi ɗaya cikin uku, inuwar ta sauka can yamma maimakon kanmu. Ya ƙirga da yatsu ya ce lallai, ya tafi, bayan kwana biyu ya aiko ƙaramin ɗanshi ma ya zo kallo.

Gilashin kwalin guda 10 kuma, a nan ina so a kula sosai don ido ba wasa ba ne. An buga lamba ISO 12312-2 a jikinsu, wadda ita ce ƙa'idar gilashin kallon rana, amma buga lamba abu ne mai sauƙi don haka na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Mai kyau in ka sa shi ba ka ganin komai, ko ampul ɗin ɗaki da ƙyar, sai rana kawai za ka gani kamar ɗan faranti. Takwas sun yi daidai, biyu kuma na ɗaga su ga tocila na ga ɗaya da ɗan huji kamar na allura ɗaya kuma ledar ta kwaye a gefe, na yayyaga su na zubar don kar wani yaro ya tsinta. Don Allah kar a kalli rana da baƙin gilashin gayu, ko kwalbar da anka shafa wa hayaƙi, ko hoton ƙashi na asibiti, ko a cikin ruwan bokiti kamar yadda wasu sunka yi a 2006. Bayan ido inda hasken ke ƙonawa ba ya jin zafi, mutum ba zai sani ba sai daga baya ya ga tabo a ganinshi. Wanda bai da gilashi ya juya wa rana baya ya ɗaga matsami ko rariya mai huji, ya kalli inuwar a ƙasa, kowane huji zai nuna rana a gutsire, ko ƙarƙashin dogon yaro ma in ka duba hasken da ke ratsowa ta ganye haka za ka gani. Husufin wata shi babu komai, a kalla da ido yadda ake so.

Ƙarfin jikinta kuwa matsakaici ne. Haƙoran roba ne, in ƙura ta shiga sai su riƙa tsalle, ni ina share su da tsohon burushin haƙori kuma ina rufe ta cikin buhun leda. Ampul ɗin da ta zo da shi hasken ba shi da ƙarfi, in ɗakin bai yi duhu sosai ba inuwar ba ta fita, na canza shi da na wata tocila. Makunnin ya fara wasa tun sati na uku, sai an danna shi an riƙe. Pil suna kai ni wajen darasi biyar ko shida. Kar a bar yara su juya mariƙin da ƙarfi ko su maida shi baya.

To in malami ne kai ko direktan lakwal kuma za ka iya kai ta wurin mai walda a yi mata zoben nan, saya, za ta yi maka shekaru in ka kula da ita, kuma bayan husufi tana nuna dare da rana da yadda wata ke ƙaruwa yana raguwa. In kuma za ka ajiye ta gaban yara yadda ta fito daga kwali ne ba gyara ba bayani, gara ka bar ta, lemu da magarya da tocila sun fi ta gaskiya. A farashi kar a wuce jika 17, da na san aibin tun farko ma da 15 zan tsaya.

Gilasai takwas ɗin da sunka rage na sa su cikin ambulan na ajiye a akwati inda zafi da ƙura ba za su taɓa su ba, don ranar Litinin 2 ga Agusta 2027 akwai babban husufin rana, inuwar za ta bi ta Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya da Masar inda wajen Luksor duhun zai wuce minti 6, ta tsallaka ta rufe Jidda da Makka. Mu a Maradi wani sashe na ranar ne za mu ga ya rufe, da safe zuwa hantsi, kuma damina ce sai in hadari ya bari. Lokacin bakans ne amma na riga na gaya wa yaran duk wanda ke gari ya zo filin lakwal, za mu yi layi ana karɓa-karɓa, kuma Alhajin butik ya ce in ya je Kano zai duba ko ana samun gilasan su kaɗai ba tare da na'urar ba, na ce ya kawo mini 50 in sun samu.